Fitilar Ƙofar Baya

Yaran da ke zuwa shagona a Ƙofar Ƙaura neman koyon gyaran wuta duk tambayarsu ɗaya ce: wata nawa zan yi in iya? Nakan ce masu wata uku ya isa mutum ya iya haɗa waya ja da baƙa ya kunna ƙwai, in ma yana da kai sati uku ya yi yawa. Sai su yi murmushi, su ɗauka sun gama da ni. Abin da ba na faɗa masu a ranar farko, don kada su gudu, shi ne ni na haura shekara ashirin ina wannan aiki kafin in san inda ya kamata a kafa fitila a wajen gida. Kuma ba wani injiniya ya nuna mani ba, wata tsohuwa ce mai dama koko.

A hannun Malam Idi Dogo na koyi aiki, Allah ya jiƙansa. Shekarar farko ban taɓa waya mai wuta ba. Aikina riƙe tsani da ɗaukar akwatin kayan aiki, akwatin katako ne mai nauyin tsiya, a ciki akwai filaya biyu, sukundireba manya da ƙanana, guduma, cizal na fasa bango, da baƙin tef na naɗe waya. Tasta, abin gwada ko akwai wuta a waya, ita kaɗai ba ta shiga akwatin. Tana aljihun gaban rigarsa, kuma ko ɗan cikinsa ba ya ara wa. Gidajen cikin birni a lokacin yawancinsu na ƙasa ne, ƙusa ba ta kama bangon. Sai ka zauna ka fiƙe 'yan itatuwa kamar tsawon yatsa, ka buga su cikin bango, sannan ka kafa ƙusar a jikinsu. In layin wayarka ya karkace ko da kaɗan, Malam Idi ba ya faɗa. Zai sa hannu ya fizge duka tun daga mita, ya ce a sake, shi kuma ya koma inuwa ya ci goronsa.

Na tuna wani aiki a zauren wani malamin allo. Na cire fis da hannuna don in yanke wutar gidan, na ajiye shi a kan mita, na hau tsani ina haɗa waya a jikin azara. Ashe wata jikar gidan tana son jin wasan kwaikwayo a rediyo, ta ga fis a ajiye, ta mayar da shi. Wuta ta ja ni ta wurgo ni ƙasa, haƙorana suna kaɗawa. Malam Idi ya zo ya tsaya a kaina, bai ce sannu ba.

"Ina fis ɗin?"

"Na aje shi bisa mita, Malam."

"To daga yau fis aljihunka yake kwana. Kuma ko kai ka cire shi, sai ka sa tasta kahin ka sa hannu."

Sai da ya gama wannan sannan ya kamo hannuna ya duba ƙunar. Har yau in na shiga gida aiki, fis yana aljihuna har in fito.

Masu ba mu aiki kuwa iri-iri ne. Akwai wanda ba zai kira ka ba sai ɗan maƙwabcinsa ya gama jagwalgwala komai, sannan ya rantse maka ba wanda ya taɓa. Akwai wanda in fis ya ƙone sai ya cusa ƙusa ko takardar kwalin taba a madadinsa, yana jin ya yi dabara, alhali gobara yake gayyata. Akwai kuma mutanen kirki da za su shimfiɗa maka tabarma, su kawo fura, su bar ka ka yi aikinka. Waɗannan su suka riƙe mu a sana'ar.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta dab da ƙarshen mulkin soja. Taransifomar unguwarmu ta ƙone aka bar mu wata da watanni, man fetur ya yi wuya, ba mai gini, ba mai gyara. Wa zai kira ka gyaran soket a gidan da ya manta kamannin wuta? Na koma gyaran tocila da rediyo mai batir a ƙofar shago. Wasu abokan aikina suka bar sana'ar, ɗaya ya koma acaɓa, ɗaya ya tafi ƙauyensu noma. Ni na tsaya, ba don wani hangen nesa ba, don dai ban iya komai ba sai wannan.

Da soja suka miƙa mulki ga farar hula, sai aiki ya buɗe mana kamar an ɓalle famfo. Kansiloli, ciyamomi, 'yan majalisa, kowa na gini, wanda bai yi sabo ba ya ɗaga katangar tsohon. Kuma kowannensu fitilar waje yake so, mai ƙarfi, wadda za ta fi ta maƙwabcinsa. Na sayi sabon tsanin ƙarfe da babur a wannan shekarar.

Aikin da nake son ba ku labarinsa na wani sabon ɗan majalisar jiha ne, wanda kowa ke kira Onarabul har sunansa na yanka ya ɓace. Da can hatsi yake sayarwa, mutum ne mai fara'a da son a yaba masa. Ya gina gida a sabuwar unguwa bayan Ƙofar Ƙaura, sun tare wata huɗu ke nan, amma ba a sa fitilun waje ba. Ya kira ni ya ce, "Malam Lawal, so nike mai wucewa bisa titi shi san akwai gida nan." Na ce an gama. Na kawo halojin guda takwas, wannan fitila mai faffaɗan gilashi da ake haska filin taro da ita, kowace wat ɗari biyar. Halojin tana da sharuɗɗa. Ba a taɓa ƙwanta da hannu tsirara, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya fasa shi in ya yi zafi, kuma dole ta zauna daidai ba karkace. Na sa mai walda ya yi mani ƙarafuna, na kafa su a kan katanga, kowace fitila fuskarta na kallon waje. Kwana uku na yi.

Ranar gwaji bayan magariba muka tsaya a tsakar gida, ni da Onarabul da mutanensa. Na danna makunni. Haske ya tashi ta bayan katanga har awakin maƙwabta suka miƙe suna kuka. Onarabul ya ce madalla har sau uku, ya dafa kafaɗata. Na hau babur na fita ta babbar ƙofa, kaina ya kumbura, ina ganin duk Katsina ba wanda ya kai ni.

Sai ku san yadda gidan ɗan siyasa yake a lokacin. Zamanin soja ƙofar babban mutum a rufe take. Da siyasa ta dawo, ana sallame sallar asuba mutane za su cika ƙofar gida: 'yan jam'iyya, mutanen mazaɓa, mai neman aiki, mai kawo goron suna. Kuma ba a barinsu haka, sai an fito da koko da ƙosai. Ɗan siyasar da ƙofarsa ba koko zai ji labari a bakin mutane tun kafin zaɓe ya zagayo. Mai wannan aiki a gidan Onarabul ita ce Gwaggo Tambai, dattijuwa daga Ƙofar Ƙwaya, wadda ta yi wa iyalin aiki tun suna tsohon gidansu na cikin gari. Mijinta ya rasu, 'yarta ma ta rasu ta bar mata jikoki uku, kuma da wannan aikin take ci da su. Kafin koko ya isa ƙofa a kan lokaci, dole ta shigo gidan tun kiran sallar farko, gari da duhu.

Bayan sati uku, ranar wata Litinin, aka kira ni gyaran soket ɗin firij a kicin ɗin gidan. Ina durƙushe a bayan firij sai Hajiya, matar Onarabul, ta shigo. Ba ta lura da ni ba.

"Gwaggo, yau ma sai da rana ta hito aka kai koko. Rabin mutane sun watse suna ƙananan maganganu. Alhaji ya yi mani hwaɗa."

"Hajiya, na gaya maki, ba ni iya shigowa lungun nan sai gari ya waye."

"Don mi? An sa hitilu kamar rana. In idanun ne suka gaji ki hwaɗa mani, ba abin kunya ba ne, girma ne. Wallahi ba da son raina ba, amma an yi mani maganar wata mai aiki nan kusa. Daga nan zuwa Juma'a, in abin bai gyaru ba, sai dai ki yi haƙuri ki huta."

Da Hajiya ta fita sai na ga tsohuwar ta miƙe tana ɗingishi, ƙaurinta naɗe da tsumma, ga sanda jingine a bango. Na fito daga bayan firij na gaishe ta, na ce mata ai ta kwantar da hankalinta, ni na sa fitilun, ko allura ta faɗi a lungun za a gan ta.

Ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa. "Au, kai ne?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To Allah shi saka maka. Wata huɗu ina shiga lungun nan da 'yar tocilata, ko tuntuɓe ban taɓa yi ba. Daren da ka kunna hitilunka, washegari na hwaɗa kwata. Tocilar ma tana can ciki har yau."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce mata fitila ba ta kada mutum, kuma na gwada aikina ba inda ya yi saura.

"Ina ka tsaya ka gwada?"

"Tsakar gida, gaban Onarabul."

"Onarabul ta lungu yake shiga gidanshi?"

Ta ce in ina da gaskiya in same ta a bakin lungu gobe da kiran farko. Na ce zan zo. Kuma gaskiyar magana, na amsa ne don in nuna mata idonta ne ya tsufa.

Ƙarshen damina ne, an yi ruwa a daren. Na ajiye babur a masallacin unguwar na tako zuwa bakin lungu, ladan na kiran farko. Ban jima ba sai ga ta, lulluɓe da mayafi, tana dogara sanda. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar ba ita ta wanke ni jiya ba. Lungun yana tsakanin katangar Onarabul da wani kango da ba a gama ginawa ba, faɗinsa bai fi a tura baro ba. Ta nan duk ma'aikatan gidan suke shiga: ita, da direba, da mai wanki. In ka yi taku kamar arba'in akwai kwata da ta ratsa lungun, mai kwashe ruwan kicin da na wanki, an ɗora mata katako biyu. Ƙofar baya tana gaba kaɗan. Fitilata ta takwas tana kan kusurwar katanga, saman ƙofar, ta zubo haskenta kai tsaye zuwa bakin lungu.

Na ce, "Gwaggo, biyo ni a baya ki gani." Na kunna tocilata na shiga da ƙarfin gwiwa.

Taku goma na yi na gane akwai magana. Hasken ya dake ni a tsakiyar ido. Duk abin da ke sama fari fat, duk abin da ke ƙasa baƙi ƙirin. Na sunkuyar da kai, sai wasu korayen ɗige-ɗige ke yawo a gabana. Tocilar hannuna kuwa kamar ban kunna ba. Na kare fuska da tafin hannu, na ci gaba ina jan ƙafa, don girman kai bai bar ni in tsaya ba. Na san da kwatar, an gaya mani, ina ma lissafa taku. Duk da haka ƙafata ta dama ta wuce gefen katako. Na zurma har cinya, ƙaurina ya gurje a bakin siminti, takalmina ɗaya ya tafi.

Daga bayana na ji muryarta a natse. "Sannu Malam Lawal. Kai ma idanun ne suka gaji?"

Na fito ina ɗigar ruwan kwata. Ta ƙaraso a hankali, tana laluben ƙasa da sanda, ta tsaya kusa da ni. Ta ce kwatar ma ƙaramin abu ce, in dubi gindin katanga in gaya mata abin da na gani. Na duba na ce ba komai, duhu ne kawai.

"Malam Bello," ta kira.

"Na'am, Gwaggo."

Muryar ta fito daga taku huɗu a gabana. Sai da na yi tsalle. Malam Bello maigadin gidan ne, Bafulatani dogo wanda ya bar kiwo da shanunsa suka ƙare. Tun jiya ta roƙe shi ya bar babbar ƙofa na ɗan lokaci ya tsaya a wurin, abin da ba a yarda ya riƙa yi ba. Mutum ne mai tsawo da farar riga, yana tsaye ƙarƙashin fitilata, ban gan shi ba.

"Wannan Malam Bello ne," in ji ta. "In wani ne hwa? Shi yana ganina tun daga bakin titi, har launin mayahina. Ni ba ni ganin shi sai ya taɓa ni. Ga kango nan, kowa na iya shiga. In wani abu ya same ni, wa zai riƙe yaran can?"

Malam Bello ya ce direba ma ya buge gwiwa a wurin, mai wanki ya zubar da kaya sau biyu, amma kowa ya yi shiru kada a ce ya raina abin arzikin da maigida ya yi. Ya ce shi ya yi mamakina tun ranar da nake kafa ta, don ko saniya ka haska wa ido tsayawa take cak.

Kunya ta kama ni, kuma ba ta jiƙaƙƙen wando ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina gwada fitilar waje daga inda mai gida ke tsaye, a bayanta, inda take da kyau. Ban taɓa zagayawa na tunkare ta ta inda mai shigowa ke tunkararta ba. Kuma ga tsohuwa za ta rasa abincin jikokinta, an ɗora laifin a kan idonta, alhali aikin hannuna ne.

Na wanke ƙafa a famfon masallaci, na yi salla da aron zane, na dawo na zauna cikin masu jiran Onarabul. Wandon bai daina wari ba, na kusa da ni suka riƙa matsawa har na samu fili kamar wani babban baƙo. Sai wajen hantsi layi ya zo kaina.

"Ranka shi daɗe, hitila guda nike son in taɓa, ta kusurwar baya."

"A'a Malam Lawal. So kake abokan hamayya su ce wutar gidana ta hwara mutuwa?"

Aka yi dariya. Na naɗe ƙafar wando na nuna masa ƙaurina, gaban kowa. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni na kahwa ta, yau da asuba ni ta kada cikin kwata. Ita ta kada Gwaggo Tambai. Idonta lahiya lau, kuskurena ne. In za a sallami wani kan wannan magana, ni ya kamata a sallama."

Ya yi dariya har hularsa ta goce. Sannan ya ce, "Wai akwai kwata a bayan gidan nan?" Bai taɓa zuwa wurin ba. Ba mugunta ba ce, gidansa ne amma ƙafarsa ba ta da dalilin bin lungun. Ya ce bakwai ɗin nan kada in kusance su, ta takwas kuwa in yi yadda na ga dama.

Ga abin da na yi, ku saurara, don nan aikin yake. Na hau na kwance halojin ɗin na juya fuskarta ta kalli filin da ke bayan kango, inda ba mai tahowa. Sannan na kawo ƙananan ƙwai uku, wat arba'in arba'in, irin wanda ake sa wa a banɗaki. Ban kai su kan katanga ba, na kafa su a jikinta, sama da kan mutum kaɗan. Na samo gwangwanayen madarar gari, na yanka su da almakashi na yi wa kowane ƙwai hula, yadda hasken zai zuba ƙasa, idon mai tahowa ba zai haɗu da ƙwan ba. Ɗaya a tsakiyar lungu yana leƙa bakin kango, ɗaya daidai kan katakon kwata, ɗaya a kan ƙofa. Na zura wayar cikin bututu saboda ruwan sama. Makunnin kuma ban kai shi falo ba, inda yaro zai kashe ko a manta. Na sa shi a ɗakin maigadi, kusa da inda yake rataye carbinsa. Na kira kafinta ya ƙara katako na uku ya haɗe su da ƙusa. Wannan ba aikina ba ne, amma ƙaurina ya ba ni izini.

Ranar Laraba da yamma na ce wa Gwaggo Tambai an gama, gobe ta zo da asuba.

"A'a," ta ce. "Ka hwara gwadawa da ƙahwarka. In ka hito da takalmanka biyu, ni zan zo Juma'a."

Alhamis da kiran farko na tsaya a bakin titi na shigo lungun kamar baƙo. Komai ya fito sarai, ƙasa, gindin katanga, bakin kango, har tsagar da ke jikin katako. Na koma na sake shigowa. A karo na uku, saura taku biyu in hau katako, aka ɗauke wuta. Na tsaya cak, ido ya saba da haske, ban ga ko hannuna ba. Janaretan gidan kuwa ba a tayar da shi sai Onarabul ya tashi. Na ce a raina, da tsohuwa ce a nan da sandarta, da mun koma inda muka fito.

Da gari ya waye na tafi kasuwa na sayo fitilar ƙwai ta kananzir, na buga doguwar ƙusa a bango daidai kan kwata na rataye ta. Na roƙi Hajiya a riƙa ba Malam Bello kananzir daga na kicin, ta amince. Muka yi da shi kullum da kiran farko zai kunna ta ya rataye, da wuta ko ba wuta, sannan ya koma ƙofarsa. Da labarin ya kai ga abokan sana'ata, sun yi wata guda suna tsokanata, wai Lawal mai lantarki ya koma sayar da lagwani. Na bar su suka yi ta yi. Tun daga wannan aiki, duk gidan da aka ce in sa fitilun waje, tambayata ta farko ita ce wa ke fara shigowa gidan nan, kuma ta wace ƙofa. Kuma ba na cewa aiki ya ƙare sai na zo da asuba na bi hanyar da ƙafata. Wanda zai koyi aiki a wurina ya shirya wa wannan tashin.

Ranar Juma'a aka wayi gari ba wuta tun dare, ga yayyafi. Duk halojin ɗin Onarabul da ƙananan ƙwaina sun yi shiru, fitilar kananzir kaɗai ke ci a kan ƙusarta. Na tsaya a bakin ƙofar baya. Ladan ya yi kiran farko ya gama, ba kowa. Na fara tunanin ko yayyafin ya hana ta, ko tsoron ya riga ya zauna mata, ko kuma ta yanke shawarar ta bar masu aikinsu kafin a kore ta. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san yau ce ranar da Hajiya ta yanka.

Can sai na ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Ta tsaya a bakin lungu, ta daɗe tana kallo. Ta dubi bakin kango, ta dubi gindin katanga, sannan ta taho. Da ta zo kwata ta buga katakon da sanda sau biyu, ta hau, ta ƙetare. Ta gaishe ni a gurguje ta shige, don ba ta da lokacina. Kafin in dawo daga masallaci hayaƙi na tashi a kicin, man ƙosai na ƙara. Mutane ba su gama shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ba aka fito da koko yana tururi.

Na shiga kicin na durƙusa bayan firij, wai ina duba soket ɗin da na san lafiyarsa lau. Hajiya ta leƙo.

"Gwaggo, an iso?"

"Tun kiran hwarko, Hajiya."

Hajiya ta dubi tukunya, ta dubi kwandon ƙosai. Sannan ta ce, "To gobe akwai taron mutanen mazaɓa. A ƙara geron da za a jiƙa." Ta juya ta tafi. Maganar hutu ba ta sake tasowa ba, kuma Gwaggo Tambai ta ci gaba da dama koko a gidan har bayan Onarabul ya bar kujera, sai da ta aurar da babbar jikarta ta ajiye ludayi don kanta.

Da na tattara kayana zan fita a safiyar, ta kira ni. Ta zuba ƙosai mai zafi a takarda, ta ƙara, ta sake ƙarawa, ta miƙo mani.

"Malam Lawal, shekara goma sha biyar ina shiga gidan mutanen nan da duhu. Kai ne na hwarko da ya zo ya ga inda nike sa ƙahwata."

Na buɗe baki zan yi godiya, ta riga ta juya ga kaskonta.

"Ko da yake kai ma sai da ka hwaɗa."